A duba ɗan aji biyar da bai iya karatu ba

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai albarka in yi magana da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Hukumar UBEC mai kula da ilimin matakin farko.

Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, muka koma aji muka ɗora daga inda manhaja ta ce, kamar babu abin da ya faru. Ga kuma makarantun da 'yan bindiga suka sa aka kulle a nan Arewa maso Yamma. Yau ina da yara a aji biyar da ba sa iya haɗa baƙi da wasali su fitar da kalma. Wasu ma, cire 7 daga 15 sai sun ƙirga yatsu har da na ƙafa. Duk da haka kowace shekara ana ciyar da su gaba.

Akwai hanyar da ƙungiyar Pratham ta ɓullo da ita a Indiya, aka kuma gwada ta a Borno: a gwada kowane yaro, a raba su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba tare da kallon ajinsu ba, a ba su awa ɗaya ko biyu kullum da harshen da suke ji. Ba ta bukatar sabon gini, sai horar da malami.

Muna so a sa wannan cikin tsarin ƙasa, a ware masa kuɗi, jihohi kuma su riƙa biyan kasonsu domin karɓar tallafin UBEC a kan kari.

Naka,
Wani malamin firamare, Gusau