Zuwa ga Abba, kan jinyar dashen gashinka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi. Likita ya gama nasa aikin, saura naka, kuma ba abin da nake tsoro a kwanakin nan kamar hannunka.

Kowane tushen gashi da aka ciro daga ƙeyarka, an zura shi ne cikin ɗan rami mai faɗin kusan milimita ɗaya. Babu ɗinki, daskararren jini kaɗai ke riƙe da shi, kuma sai ya kwana 9 zuwa 10 kafin ya kama nama sosai. Kafin nan, susa ɗaya da farce ta isa ta fizgo shi, kuma wanda ya fita ya fita ke nan, don gurbin da aka ciro shi a ƙeya ba ya sake tsirowa. Ƙaiƙayi zai dame ka, musamman idan ciwon ya fara bushewa. Ka fesa ruwan gishirin da asibiti suka ba ka, ka sha maganin ƙaiƙayi in sun rubuta maka, ka yanke farce. In ka ga jini na tsattsafowa daga wuri guda, danna shi a hankali da gozi (ƙyallen rufe ciwo na asibiti) mai tsabta na minti goma, ban da gogawa.

Dare huɗu ko biyar na farko ka kwanta rigingine, ka tara filo har kanka ya ɗago kamar kana kishingiɗe. Goshi zai kumbura daga kwana na biyu zuwa na huɗu, kumburin ya gangaro har fatar ido. Ruwan allurar da aka yi maka ne yake sauka, zai baje da kansa. Ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora a goshi, amma kada ta taɓa dashen. Saboda kumburin nan kada ka riƙa sunkuyawa. A makon farko ka yi salla a zaune, ka yi nuni a ruku'u da sujada, addini ya yi wa majinyaci rangwame. Batun shafar kai a alwala kuwa, ka tambayi malami yau, kafin ka kai jiƙaƙƙen hannu wurin.

Wankin kai shi ne inda mutane da yawa suke ɓata aiki. Ka fara ranar da likita ya ce, galibi kwana na biyu ko na uku. Ka kaɗa shamfu a tafin hannu har ya yi kumfa, ka ɗora kumfar a hankali, sannan ka ɗauraye da ruwa mai ɗumi kaɗan da moɗa. Kada ka tsaya ƙarƙashin shawa mai ƙarfi, kada ka goge da tawul. Ɓawon ciwon zai yi laushi ya zube tsakanin kwana 10 zuwa 14. Kada ka ɓamɓare shi, kada kuma tsoro ya hana ka wankewa kullum, don ɓawon da ya taru yana tara ƙwayoyin cuta. Man kaɗanya, man shanu da duk wani haɗin da masoya za su kawo maka, ka gode musu ka ajiye.

Ka sa riga mai maɓalli, ka bar kaftani da jallabiya da ake zurawa ta ka. Hula ma ta jira kwana goma, sannan ka fara da mai yalwa wadda ba ta matse goshi. Ka guji rana mai zafi da ƙura, ka bar ɗaga nauyi da ƙwallo har wata guda. Kada ka sha asfirin sai da izinin likita, yana tsinka jini. Hayaƙin taba da shisha suna matse jijiyoyin da ke ciyar da sabon tushe.

Tsakanin mako na biyu da na takwas, yawancin gashin da aka dasa zai zube. Kada hankalinka ya tashi, Abba. Silin ne ya faɗi, tushen yana nan cikin fata yana hutawa. Sabon tsiro yana farawa a wata na uku zuwa na huɗu, siriri, kuma ba a yanke hukunci sai an cika shekara, tsakiyar kai ma takan kai wata 18.

Gashinmu murɗaɗɗe ne, yakan lanƙwasa ya koma cikin fata, don haka ƙuraje za su iya fitowa lokacin tsiro. Ka gasa su da tsumma mai ɗumi, kada ka matse. Ka duba ƙeya da madubi, in tabo ya fara tudu yana kauri, ka nuna wa likita da wuri. Zazzaɓi, mugunya, wari ko zogi mai ƙaruwa kuwa, ranar za ka je asibiti.

Aski da almakashi bayan wata guda, injin aski da aska sai likita ya yarda. Dashe ba ya hana tsohon gashinka ci gaba da zubewa, saboda haka ka tambayi likita batun magungunan rage zubewar gashi, minoxidil da finasteride, da illolinsu, kafin ka saya.

Ka turo mini hoton kanka ranar kwana goma. Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Mahaifinka.