Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Babban Sakataren ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, kan sayar da kujerar dama ga sabbin matuƙa

Yallaɓai Juan Carlos Salazar, barka da aiki. Ba zan ja gaisuwa ba, na san tebur ɗinka cike yake, ni ma abin da ke cina ba ya son dogon gabatarwa.

Ni matuƙin jirgi ne, a takarda dai. Ina da CPL, wato lasisin tuƙin jirgin kasuwanci, ina da izinin tuƙi da na'ura da na jirgi mai inji biyu, na cinye jarabawar ATPL, babban lasisin matuƙa, kaf, na yi kwas ɗin aiki da abokin tuƙi, likita ya ba ni satifiket mai daraja ta ɗaya, awoyina a sama sun ɗan haura 200. Duk abin da Aneks 1 naku, kundin dokokin lasisi, ya ce sai mutum ya mallaka na mallaka, kuma ko sisi babu wanda ya taya ni in ba iyayena da banki ba. Wannan ban zo kuka a kansa ba, ni na zaɓa, ido buɗe na shiga. Abin da ya sa na ɗau alƙalami shi ne abin da ke jiran mutum bayan ya gama duk wannan.

Kwanakin baya wani kamfani mai arhar tikiti ya kira ni tantancewa. Kafin in ga fuskar kowa sai da na biya kuɗin tantancewar, eh haka na ce, kuɗin a yi min intabiyu, ban da tikitin zuwa da kwanan otal da awa biyun da na saya a simuleta, na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, don in ɗan saba da Boeing 737, domin kowa ya san in ka shiga ba ka taɓa riƙe sitiyarinta ba kunya kawai za ka sha. Mu takwas ne a ɗakin jira, kowa da kwat ɗinsa da fayil a cinya, wanda ke kusa da ni hannun kwat ɗin ya kusa rufe masa yatsu, da ganinta ka san aro ce, sai buɗe littafin awoyinsa yake yana rufewa kamar awoyin za su ƙaru in ya sake dubawa. Aka yi mana tambayoyin fasaha, me ya sa ake karkatar da fukafukan jirgi baya, me za ka yi in inji ya mutu bayan V1, wato gudun da in an kai shi ba a fasa tashi, sannan aka tura mu simuleta bibbiyu, aka kashe mana otofailot aka kashe inji ɗaya aka ce mu sauko. Na sauko da shi lafiya, rigata ta jiƙe sharkaf amma na sauko.

Bayan kwana tara imel ya shigo. Layin farko taya murna, layi na biyu ranar fara kwas, can ƙasa kuma lambar asusun banki da wa'adin biya. Kuɗin horon nau'in jirgi ne, kuma ni zan biya, gaba ɗaya, kafin in sa ƙafa a aji. Na karanta imel ɗin ya fi sau goma ina neman inda aka rubuta cewa in na biya na ci to aikin ya tabbata, babu, abin da ke ciki kawai shi ne za a duba buƙatar kamfani a lokacin. Na koma bankin da ke bina bashin makaranta, jami'ar ta kalli takardar ta kalle ni ta ce me za ka ajiye jingina, gidan da za a ajiye kuwa tuni yana hannunsu.

To yallaɓai ka faɗa min, wannan tantancewa ce ko gwanjo? Don in tantancewa ce na riga na ci. Abin da ya kayar da ni ba a simuleta yake ba, a aljihu yake. Wanda ya zo bayana a maki amma mahaifinsa na da hali shi ne yau yake kujerar dama ta mataimakin matuƙi, ba na yi masa hassada wallahi, shi ma bashi ya ɗaura wa danginsa, amma kar a zo ana ce mana an zaɓi mafi cancanta. An zaɓi mafi cancanta ne cikin waɗanda za su iya biya, kuma tazarar da ke tsakanin maganganun nan biyu ita ce ake ta rufewa da hotunan matasa sanye da fararen riguna suna murmushi a gaban jirgin A320.

Ka fi ni sanin mene ne horon nau'in jirgi. Makonni ne na karatun na'urorin jirgi ɗaya tak, awoyi a simuleta, jarabawa, sannan tashi da sauka a jirgin gaske babu fasinja. Jirgin nan kamfani ne ya zaɓe shi ya saya ko ya yi haya, tsarin aikin da za a koya maka nasa ne, ribar da jirgin zai kawo tasa ce. A wace sana'a ce mai masana'anta zai sayo inji sannan ya ce wa sabon ma'aikaci kai za ka biya kuɗin koyon injina? Kuma izinin ma ba na dindindin ba ne, a tsarin Turai shekara ɗaya yake yi sai an sabunta, wato in ka biya suka ajiye ka a jerin jira, kana zaune kuɗinka na narkewa kamar ƙanƙara a rana. Wasu kamfanonin su ce a'a mu ba ma karɓa a gaba, sai su ɗaure ka da kwantiragin shekaru suna zabtare albashi, in ka tafi ka biya saura. Wannan da sauƙi in an yi shi da adalci, amma sau da yawa kuɗin da aka rubuta a kanka ya fi abin da horon ya ci, kuma ba ka da bakin tambaya.

Mafi muni shi ne wanda kowa a harkar nan ya sani amma a taro sai a kau da kai, biya-ka-tuƙa. Yaro ya sayi awoyi ɗari-ɗari a jirgin fasinja na gaske ta hannun dillali, fasinjoji a baya sun biya kuɗin kujera, shi ma a gaba ya biya kuɗin kujerarsa, bambancin kawai shi ne tasa ta fi tsada kuma rayukansu na hannunsa. Ƙungiyar matuƙan Turai ta yi shekaru tana ihu a kan wannan. Binciken da Jami'ar Ghent ta fitar a 2015, wanda matuƙa sama da 6,000 suka amsa, ya nuna kusan ɗaya cikin shida ba ma'aikatan kai tsaye ba ne na kamfanin da suke tuƙa wa jirgi, wasu ta hannun ejan, wasu an ce su buɗe ɗan kamfaninsu su zama wai masu zaman kansu, kuma abin ya fi yawa a cikin matasa da kamfanoni masu arha. Mai zaman kansa fa, wanda bai isa ya zaɓi ranar aikinsa ko launin taye ɗinsa ba.

Na san amsar da za ta fito daga hedikwatarku a Montreal, na ji ta tun kafin a faɗa: wannan batun ƙwadago ne, mu tsaron jirage muka sa gaba, a je wajen gwamnatoci. Haba yallaɓai. Wani abokin karatuna ya biya ya shiga, awar da ya tashi kawai ake biyansa, in bai tashi ba babu komai. Ya kira ni wata asuba daga mota muryarsa a toshe, mura ta kama shi kunne ɗaya ba ya ji sosai, na ce ka kira su ka ce ba ka da lafiya mana, ya yi dariya ya ce kai za ka biya min bankin ƙarshen wata? Ya tashi sawu huɗu a ranar. Wannan batun ƙwadago ne ko batun tsaro? Ku ne kuka rubuta Aneks 19 kan kula da tsaro a 2013, ku ne kuke cewa ma'aikaci ya kai rahoton kuskure ba tare da tsoro ba, ku ne kuka sa batun gajiya a Aneks 6. Mutumin da gidan iyayensa ke jingina, kwantiraginsa kuma ana iya ƙin sabuntawa ba tare da an ba shi dalili ba, da wane ƙarfin hali zai rubuta rahoton gajiya, ko ya kalli kyaftin mai horar da shi ya ce ban yarda da wannan saukar ba mu sake zagayowa?

Tun bayan haɗarin jirage na Tenerife a 1977, inda mutum 583 suka mutu, ake koya mana cewa na ƙasa ya buɗe baki in ya ga ba daidai ba. Muna haddace shi a aji, muna maimaita shi a intabiyu. Sannan a ɗauki na ƙasan a ɗaure masa baki da bashi. Ka tuna jirgin Colgan da ya faɗi kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, mutum 50 suka rasu, mataimakiyar matuƙin ta kwana a hanya daga Seattle don ta zo aiki, ba ta jin daɗin jikinta, kuma an ji ta a na'urar naɗar murya tana lissafin cewa in ta ce ba ta da lafiya sai ta biya wa kanta otal. Ban ce shi ya kayar da jirgin ba, masu bincike sun ɗora laifin a kan yadda aka sarrafa shi, amma wannan lissafin na otal shi ne dai lissafin da abokina ya yi a mota. Amurka ta amsa a 2013 da dokar cewa sai matuƙi ya tara awa 1,500 kafin ya tuƙa jirgin fasinja, ana iya gardama ko ita ce maganin, amma aƙalla an motsa.

Kuma don Allah ku daina yi mana waƙar ƙarancin matuƙa. Boeing na fitar da hasashe duk shekara cewa duniya za ta buƙaci sabbin matuƙa sama da 600,000 cikin shekara 20, makarantu su ɗauki adadin su manna a talla, iyaye su gani su sayar da abin da suka mallaka. Ƙarancin da ake da shi na gogaggun kyaftin ne, mu masu awa 200 kam mun yi yawa har ana karɓar kuɗi kafin a saurare mu. Ku da kanku kuka ƙaddamar da shirin NGAP a 2009 kuna cewa za a jawo matasa cikin harkar, kuka zo da taken kar a bar wata ƙasa a baya a 2014. To ga mu an jawo mu. A babban taronku na 2025 har IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta kawo shawarar a ɗaga shekarun ritaya daga 65 zuwa 67 wai don hannu bai isa ba, mu kuma muna waje da lasisi a aljihu muna leƙe ta taga. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Ga lasisin MPL na mataimakin matuƙi da kuka kawo a 2006, wanda ke ɗaure ɗalibi da kamfani ɗaya, kamfanin ya janye kafin a gama yaro ya rasa gaba ya rasa baya, an ga haka da korona a 2020. Ga makarantun da ke karɓar kuɗi a dunƙule su rushe da shi. Ga satifiket ɗin likita da izinin na'ura da ake sabuntawa duk shekara ko kana aiki ko ba ka yi. Kowanne wasiƙa ce mai zaman kanta, bari in bar su haka.

Abin da ke ƙara min takaici shi ne an san ana iyawa. British Airways ta fito da shiri a 2023 da take ɗaukar nauyin horon matuƙa har 60 a shekara, kusan fam 100,000 kowane mutum, kuma kamfanin bai durƙushe ba. Ma'aikatan jirgin ruwa suna da yarjejeniyar ƙwadago ta 2006 da ta hana a caje su kuɗin samun aiki, in ban da abubuwa irin su fasfo da takardar likita. Mai goge dandamalin jirgin ruwa yana da wannan kariya a rubuce, mai saukar da mutum 180 a cikin hazo ba shi da ita.

Ba na roƙon ka ba ni aiki yallaɓai, na san ba naka ba ne, na kuma san ICAO ba ta da 'yan sanda. Amma kuna da ƙasashe 193 a teburi ɗaya kuma kuna binciken hukumominsu. Ku rubuta a fili cewa wanda ya biya don ya zauna a kujerar tuƙi ta jirgin fasinja haɗari ne ga tsaro, a hana. Ku sa masu bincikenku su riƙa tambayar kowace hukuma matuƙa nawa ne a ƙarƙashinta suke tashi da bashin kamfani a wuya, kuma nawa ne ba a biyansu in sun kwanta ciwo. Horon nau'in jirgi ya koma kan mai jirgi, in za a ɗaure mutum da kwantiragi a ɗaure shi da ainihin kuɗin da aka kashe, yana raguwa duk wata. In kuma kun ce ɓangaren ILO ne, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, to ku ɗaga waya ku kira ta a Geneva ku zauna tare, an yi wa na ruwa ai.

Wa'adin imel ɗina ya wuce tun makonni uku, ban goge shi ba. Wata mai zuwa satifiket ɗin likitana zai ƙare, na riga na kama layin sabuntawa.

Naka,
wani matuƙi mai awa 200 da ɗoriya