A Adana Zanen Masu Zana Jikin Ɗan Adam

Ya Edita,

Na karanta ta'aziyyar da jaridarku ta buga kwanan nan ta marigayi mai zanen littattafan likitanci. An yabi rubuce-rubucensa da riƙon iyalinsa, Allah Ya jiƙansa, amma sana'ar tasa layi biyu kacal ta samu.

Wannan aiki ba ado ba ne. Hoton kyamara a ɗakin tiyata jini da kitse yake nunawa, komai ya cakuɗe. Mai zane kan tsaya bayan likita yana zayyana, sannan ya cire abin da ke rufe ido, ya ba jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya launin ja, masu mayar da shi shuɗi. Likitan ya duba kafin a buga, domin jijiya ɗaya da aka karkatar za ta ɓatar da ɗalibai. Tun 1911 wani mai irin wannan zane, Max Brödel, ya kafa sashen koyar da wannan fanni a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka.

Ina ba iyalansa shawara su miƙa ainihin zanen ga ɗakin karatun wata makarantar likitanci. Hasken rana na kashe launin fenti, danshi kuma na kawo fumfuna. A fara ɗaukar hoton kowanne da na'urar sikana, a rubuta shekararsa da tiyatar da ya nuna.

Naku,
Wani mai karatu