Zuwa ga abokina a Agege

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, da yanayin damina a Legas. Nan Kano sai godiya. Inna tana gaishe ka, kuma har yanzu tana ƙorafin ba ka zo babbar sallah ba.

Ranar da muka yi waya na ji tarin nan naka. Ka ce mura ce, na yi shiru, amma na san irinsa, don shekara da shekaru da shi nake tashi da asuba. Ni da kai muka fara zuƙar kara ɗaya a bayan makaranta, muna karɓa-karɓa, saboda haka ba wa'azi na zo yi maka ba. Labari ne: yau wata bakwai rabona da sigari.

Ka san sau nawa na rantse na bari. Kowane azumi sai in ce ai tunda na iya wuni ban sha ba, an gama. Ana kiran magariba, dabino uku, kofin ruwa, sai ga ni a bakin ƙofa da ashana. Abin da ya bambanta wannan karon shi ne na je asibiti. Matata ce ta matsa, bayan wata rana numfashi ya sarƙe ni ina hawa bene da buhun shinkafa.

Da aka tura ni sashen likitocin ƙwaƙwalwa, saura kaɗan in juya gida. Na ce a raina, ni da hankalina? Kar wani ya gan ni a ce wane ya taɓu. Ashe su ne masu kula da duk wani abu da jiki ya kamu da shi ya kasa saki. Likitan bai yi min faɗa ba, bai ma ambaci ciwon daji ba. Tambayarsa ta farko ita ce, in na farka da safe, minti nawa nake yi kafin in kunna ta farko? Na ce ko alwala ba na yi. Ya ce kara nawa a rana? Na ce goma sha biyar, ya dube ni, na ce to, kwali guda. Ya rubuta.

Shi ya fahimtar da ni cewa nikotin ɗin da ke cikin hayaƙin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kuma in ta saba da shi, rashinsa ne ke kawo zafin rai, rashin barci da jin kai kamar an ɗaure shi. Ba ragwanta ba ce kawai, kamar yadda na daɗe ina zargin kaina. Ya sa na zaɓi ranar dainawa, ya ce in gaya wa mutanen gida. Ya rubuta min filastar nikotin da ake mannawa a dantse kowace safiya, mai miligiram 21, daga baya aka sauko 14, sannan 7. Sai cingam mai nikotin na lokacin da sha'awar ta taso. Shi ma da yadda ake cinsa: ka tauna har ka ji yaji-yaji, sai ka ajiye shi a kumatu kamar goro, in ya lafa ka sake taunawa. Ranar farko na tattaune shi kamar na yara, shaƙuwa ta kama ni har hawaye. Akwai kuma ƙwayoyi, irin su varenicline da bupropion, amma waɗannan sai likita ya duba ka tukuna. Kada ka saya a kemis da kanka.

Kwana uku na farko, Allah kada ya maimaita. Yara na gudu na. Filastar ma sai da na zaga kemis huɗu kafin in samu, kuma da tsada, sai dai da na lissafa kuɗin kwali talatin a wata, bakina ya mutu.

A rana ta tara na faɗi. Teburin mai shayi, bayan isha'i, wani ya miƙo min, hannuna ya karɓa kafin in yi tunani. Na koma asibiti ina jin kunya kamar yaron da ya yi fitsarin kwance. Likitan ya ce a ina, da wa, me na sha kafin nan? Muka gano shayin dare a wurin nan shi ne tarkona. Na ƙaurace wa majalisar wata biyu, na koma yawo da aswaki a aljihu. Sha'awar ba ta wuce mintuna kaɗan in ka daure mata. Yanzu ƙamshin miyar kuka har daga zaure nake jin sa, na kuma ƙara ƙiba, kaftanin sallar bara ya ƙi shiga.

Ka je babban asibitin gwamnati da ke kusa da kai, ka yanki kati, ka ce wa likita kana son barin taba kuma a duba maka ƙirjin nan. Faɗi gaskiyar adadin karan, kada ka rage kamar ni. In ka sa rana, ka sanar da ni, zan riƙa kiranka kullum bayan isha'i, lokacin da na san abin ya fi cizo.

A gaida Hajiya da yara. Kilishin da ka ce, zan ba direban motar ranar Asabar.

Naka,
abokinka na ƙuruciya