Babur ɗin Baba ya tashi

Tudun Wada, Zariya
Daren Lahadi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya Onica, yaya kasuwa, yaya zafin bakin Kwara? Mu nan hunturu ya sauka sosai, da asuba sai an ɗumama ruwan alwala.

Saƙonka ya iso tun makonni shida da suka wuce, direban ya kira ni na karɓa a Kwangila. Fistin biyu, ringi, fil, da gaskit cikakke, duk a kwalinsu. Allah ya saka maka da alheri. Na san ba ƙaramin ɗawainiya ba ne ka rufe shago ka tafi Nnewi kana bin rumfa-rumfa kana tambayar kayan babur da ya kusa shekara 50. Da gangan na ƙi ba ka labari a waya, don a waya sai a yi ta tsallake abubuwa. Na ce sai ranar da nake da abin faɗa zan zauna in rubuta. To ga shi: shekaranjiya Juma'a, bayan la'asar, babur ɗin Baba ya tashi.

Ka san tarihinsa kamar yadda na sani. Honda CD175, wanda mutane ke ce wa Benly, Baba ya saye shi a 1975 da kuɗin Udoji, shekarar da ma'aikata suka karɓi ariyas kowa ya nufi kanti. Da shi ya yi duk aikinsa na malamin gona, Giwa, Shika, Hunkuyi, Makarfi, rani da damina. Da shi yake kai mu makaranta, ni a kan tanki, kai a baya kana riƙe da babbar rigarsa. A 2003 ya fara hayaƙi yana ƙwanƙwasa, lokacin kuma Jincheng ya cika gari, makanikai suka ce babu kayansa. Baba ya tura shi ɗakin ajiya ya lulluɓe da buhuna, ya ce sai ya samu sarari. Bai samu ba, Allah ya jiƙansa. Ranar rabon gado har an kira 'yan gwangwan sun yi masa kuɗi da kilo. Ni na roƙi Yaya a sa mini shi a kasona.

Makanikai uku na kai wa magana, kuma bakinsu ɗaya: a cire injin a jefar, a ɗaura na babur ɗin zamani, kwana biyu an gama. Ban ga laifinsu ba, abin da suka saba ke nan, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma ni raina bai karɓa ba. Injin nan silinda biyu gare shi da kafireta ɗaya, fistin ɗin biyu tare suke hawa tare suke sauka, suna karɓa-karɓar wuta, shi ya sa yake da wannan kukan mai taushi da muke ganewa tun yana kwanar masallaci. In aka cire injin, me ya rage? Ƙarfe da fenti.

Ka tuna tsohon makaniken nan na Sabon Gari da Baba ke kai wa gyara, wanda ke korar mu in mun taɓa masa sifana? Yana nan da ransa. Idonsa ya yi rauni, ya bar aiki, jikokinsa ke riƙe da wurin. Da na gaya masa abin da nake so, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in kawo. Sharaɗinsa ɗaya: shi zai zauna a benci ya faɗa, ni zan yi da hannuna. Haka muka yi wata huɗu, duk Asabar da Lahadi, ɗana babba yana miƙo mini kaya.

Tun a sukuru na farko aka fara karatu. Sukurorin murfin injin suna kama da masu kan giciye da muka sani, amma ƙirar Japan ce, sukudireba na kasuwa ba ya zama a cikinsu daidai, yana zamewa ya cinye kan. Na lalata biyu kafin Oga, wato tsohon makaniken, ya ji ƙarar ya tsayar da ni. Ya sa aka ɗauko masa wani tsohon sukudireba mai kauri wanda ake bugawa da guduma, bugu ɗaya sukuru ya saki. Ya kuma sa na zana hoton murfin a kan kwali, duk sukurun da na cire in soke shi a gurbinsa, don tsawonsu ba ɗaya ba ne.

Fistin na hagu ya kafe a silinda, tsatsa ta riƙe shi. Mako biyu muna zuba masa man gas da kananzir ta sama muna barinsa. Na so in sa ƙarfi. Oga ya ce ƙarfi zai lanƙwasa kwanrod, sandar da ke riƙe da fistin, kuma kwanrod ɗin wannan injin ba a kwance shi da sifana, matse shi aka yi da karanshaf tun daga kamfani. Rana ta goma sha biyar na ɗora guntun katako a kan fistin na buga a hankali, ya motsa kamar faɗin farce. Daga nan sai ya biyo.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya fi tsaya mini a rai, don a nan ne na gane abin da ya kashe injin. Duk shekarun nan muna cewa tsufa ne. Ashe ba tsufa ba ne. Wannan injin ba shi da filtar mai irin ta takarda da ake canjawa. A bakin karanshaf, ɓangaren kuloci, akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ke juyawa tare da injin. Baƙin mai yana ratsawa ta cikinsa, juyin kuma yana watsa dattin ya manne a jikin ƙoƙon, mai tsaftar ya wuce. Dabara ce mai kyau, amma sai ana buɗewa ana kankarewa lokaci-lokaci. Da muka buɗe namu, wallahi kamar ƙanzon tukunya, baƙi ƙirin, ya cika ya daskare, sai da na sa wuƙa. Oga ya murza shi a yatsunsa ya ce rabon da a buɗe wurin nan tun lokacin da shi ke duba babur ɗin. Bayan da Baba ya yi ritaya, ya koma kai shi wajen yaran bakin titi, su kuwa juye mai kawai suka sani. Ƙoƙo ya cika, datti ya riƙa wucewa, hanyar mai ta ƙuntace. Wurin da ya fi nisa da famfon mai shi ne kan injin, can sama inda kamshaf yake, sandar da ke buɗe bawul, kuma kamshaf ɗin nan ba a kan boris yake juyawa ba, a kan alminiyam yake kai tsaye, mai ne kaɗai tsakaninsu. Da mai ya yi ƙaranci, sai ƙarfe ya shiga cin alminiyam. Na sa yatsa na ji zane-zanen kamar kunyoyin gona. Ƙwanƙwasar da Baba ke ji ke nan.

Abin ya dame ni kwana biyu. Mutumin da bai taɓa barin babur ɗinsa ya kwana da laka ba, mutumin da ke rubuta ranar juyen mai a bayan kalanda, ga abin da ya kayar masa da shi: aikin rabin awa da ba wanda ya gaya masa.

Mazaunin kamshaf ɗin ba ya gyaruwa, sai dai a canja. Sau uku ina zuwa Panteka a Kaduna. A zuwa na uku wani mai tsofaffin kaya ya jawo mini kan inji sukutum daga ƙarƙashin tarkace, ya sha ƙura amma cikinsa sumul. Na saye shi duka ban yi dogon ciniki ba.

Ƙasan injin kuwa, alhamdu lillahi. Da muka raba shi biyu, haƙoran giya huɗun nan ko ɗaya bai ɓantare ba. Oga ya kama kowane kwanrod ya ja sama ya danna ƙasa, idonsa a rufe, ya ce babu wasa, a bar karanshaf yadda yake. Farantan kuloci sun manne da juna, muka canja su. Sauran duk wanki ne, kananzir da burushi, sai kuma hura iska a kowace hanyar mai har sai ta fito ta ɗaya bakin.

Sai maganar kayanka. Ka tambaye ni a waya dalilin da na nace sai mai lamba 0.50. Faɗin silinda na asali milimita 52 ne. Da na kankare baƙin da ke kan tsohon fistin, sai ga 0.25 a rubuce, wato an taɓa yi wa silindar bori, an ƙara faɗinta, sau ɗaya. Oga ya ce shi ya yi da hannunsa, kafin a haifi ƙanwata. To yanzu bangon silinda ya sake cinyewa, ga gaɓa a sama da farce ke kamawa, ga ramukan tsatsa a na hagu, dole a ƙara mataki ɗaya. Kuma ƙa'idar ita ce, fistin ake fara samu, sannan a kai wa mai bori ya auna shi ya yanka silinda daidai da shi. Wanda ya fara yankawa kafin kaya su zo, caca ya yi. Shi ya sa na zauna jiranka ban taɓa bulok ɗin ba. Da aka dawo da shi, na sa kowane ringi a cikin silinda shi kaɗai na auna tazarar bakinsa da fila, siririn ƙarfen awon tazara. Guda ɗaya ya matse da yawa, na ɗan goge shi, don in ya yi zafi ya buɗe bakin zai haɗe ya karye.

Bawul huɗu na zauna na murza da man niƙa, ina jujjuya sandar a tafin hannu kamar mai burga miya, har zoben toka-toka ya fito a kowanne ba yankewa. Muka kifa kan injin muka zuba kananzir muka tafi sallar azahar. Da muka dawo ko ɗigo bai tsiyaye ba.

Haɗawa a gida na yi, a ɗakin zaure, na rufe taga na yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙurar hunturu. Na ɗauko Oga a mota. A nan na yi kuskure guda da ya ci mini yini. Sarƙar taimin tana bi ne ta tsakiyar silinda biyun, kuma sai alamar T ta ƙasa ta dace da alamar da ke kan kamshaf kafin a ƙulle ta. Na ƙulle da haƙori ɗaya a baya. Allah ya taimaka Oga ya hana ni taɓa kik, ya ce in juya injin da hannu sau biyu in sake duba alamun. Ban manta da tusa tsumma a ramin ba kafin in cire ɗan makullin sarƙar, don in ya faɗa ciki sai an sake raba inji. Bayan nan na saita tazarar bawul a milimita 0.05, kwantak kuma tsakanin 0.3 da 0.4, na wanke kafireta, na zuba mai na babur, ba na mota ba, saboda kulocinsa a cikin mai yake wanka.

Ranar Juma'a na cire fulogi na yi ta buga kik a banza har na ga mai ya ɓullo a saman injin ta murfin bawul. Sannan na mayar, na buɗe fetur, na ja cok, na yi bisimilla. Bugu na farko shiru. Na biyu ya yi tari. Na huɗu ya kama.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Yara suka fito da gudu, maƙwabta suka leƙo. Can sai ga Inna a bakin ƙofar tsakar gida da carbinta, ta tsaya tana saurare. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta ce, "Shi ne, amma na Malam bai kai haka gaggawa ba. Nasa a hankali yake numfashi." Ka san Baba in ya dawo ba ya kashe shi nan take, sai ya bar shi a ƙofar zaure kamar minti ɗaya yana kwance kaya. Shekara 28 tana jin wannan minti ɗayan daga madafa. Na sa sukudireba na riƙa sassauta sukurun silo kaɗan-kaɗan ina kallon fuskarta, har ta ɗaga hannu ta ce, "Nan." Oga ya karkata kunne ya ce a bar shi a nan, daidai ne.

Jiya na kai shi Samaru na dawo, ban matsa masa ba. Babu hayaƙi, babu yoyo, sai ɗan gumi a gefen murfin hagu da zan sake ɗaurewa. Oga ya ce kilomita 500 na farko lallaɓawa ake yi, kada a ja shi da ƙarfi, kada kuma a daɗe a gudu ɗaya, sannan a juye mai, a sake auna bawul, a buɗe ƙoƙon nan a ga abin da ya tara. Na rubuta a bayan kalanda.

Saura abu biyu, kuma kai zan sake ɗora wa nauyi. Wutarsa mai bolt 6 ce, a nan kuwa duk ƙwan fitila na 12 ne. In ka sake shiga Nnewi, ka nemo mini na gaba da na baya, bibbiyu, da kwantak guda in ajiye. Salansar dama ma ta ɓule ta ƙasa, na sa an yi mata walda amma ba za ta daɗe ba. In ka ga ta asali, ko ta hannu ce, ka turo mini hotonta tukuna in gani. Kuma wannan karon kada ka ce ba za ka karɓi kuɗi ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka yi wuyar gani. Ka yi ƙoƙari ka zo babbar Sallah, lokacin ya gama sabawa da sabbin kayansa. Kujerar baya tana nan, an sake mata fata. Sai mu fita da yamma ta hanyar Kufena.

Ka gaida mutan gida da kyau.

Naka,
amininka na Tudun Wada