Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiyar Iyayen 'Yan Kadet

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyaye maza da mata, 'yan uwa mambobi.

Kamar yadda tsarin ƙungiyarmu ya tanada, ga bayanin abin da aka yi da wanda ba a samu yi ba a shekarar da ta ƙare, wanda ni sakatare na rubuta da sanin shugaba da sauran 'yan kwamiti. An yi tarukan wata-wata yadda aka saba, in ban da na watan azumi da aka ɗage, kuma yaranmu sun fita faretin tunawa da 'yan mazan jiya a watan Nuwamba tare da rukuninsu na kadet, wato tsarin horar da matasa da ke ƙarƙashin sojan saman Birtaniya.

Babban abin godiya ga Allah a bana shi ne zaman mako guda da yaranmu suka yi a sansanin sojan saman Birtaniya na Brize Norton da ke Oxfordshire, a dogon hutun watan Agusta. Wannan sansani shi ne mafi girma da rundunar take da shi a ƙasar nan, kuma can ne gidan manyan jiragenta na dakon sojoji da kaya, wato C-17 da A400M Atlas, da kuma Voyager wanda yake shayar da wasu jirage mai alhali suna cikin tafiya a sama. An shigar da yaran cikin C-17, suka ga faɗin cikinsa da idonsu, aka kuma ba su labarin yadda jiragen sansanin suka yi aikin kwashe mutane daga Kabul a shekarar 2021, lokacin da Birtaniya ta fitar da mutum sama da 15,000 cikin mako biyu. Sun hau hasumiyar kula da tashi da saukar jirage, sun ziyarci 'yan kwana-kwana, sun kalli yadda ake horar da karnukan tsaro, sannan makanikai sun nuna musu yadda ake ƙirga kowane ƙarfen aiki kafin a tashi, domin sifana ɗaya da aka manta a cikin inji tana iya jawo asarar jirgi da rayuka.

Ranar da ba za su manta ba ita ce wadda aka kai su sansanin Benson, aka ɗauki kowannensu a ƙaramin jirgin koyo mai suna Tutor. Kujeru biyu ne kawai a cikinsa, gefe da gefe, kuma idan an yi nisa a sama matuƙin yakan sakar wa yaro ragamar jirgin na ɗan lokaci, yana lura da shi. Akwai yaron da duk mun san shi da rashin magana, wanda mahaifiyarsa ta shaida wa kwamiti cewa tun da ya dawo ba shi da zance sai na tuƙin jirgi, har ya koma ɗaukar darasin lissafi da muhimmanci saboda an gaya masa ba a zama matuƙi sai da shi. Ɗaya daga cikin 'yan matanmu kuma an yabe ta a faretin rufewa saboda tsaftar kakinta da yadda ta jagoranci abokan ɗakinta. Ni a ganina, tashin sassafe da gyaran gado da guga da goge takalmi da aka sa su yi kullum, ba tare da uwa a kusa ba, bai gaza hawan jirgin amfani ba.

Abin da ya fi damun iyaye kafin tafiya shi ne abinci da salla da makwancin 'yan mata. Kwamiti ya rubuta wa shugabannin rukuni tun da wuri, kuma sun yi mana halacci: an tanadi abincin da yaranmu za su iya ci, an ba su wurin yin salla, 'yan mata sun kwana a ɓangarensu ƙarƙashin kulawar malamai mata, masu hijabi kuma sun sa abinsu tare da kaki. Muna yi wa waɗannan malamai godiya, domin su ma 'yan sa-kai ne kamar mu, hutunsu na aiki suka sadaukar. Ga iyayen da suka yi ƙorafi cewa ba a tafi da 'ya'yansu ba, ina sake jaddada cewa ƙungiyarmu ba ta da hannu a zaɓe. Gurabe kaɗan ake ba kowane rukuni, shugabanninsa ne suke duba halartar yaro da ɗa'arsa, kuma wanda ba a dawo da takardar amincewar iyayensa da ta bayanin lafiyarsa a kan lokaci ba, babu yadda za a yi a sa sunansa.

Sai batun kuɗi, wanda ba na jin daɗin maimaita shi kowace shekara. Iyalan da suka biya kuɗin wata-wata cikakke ba su kai rabin masu rajista ba, wasu kuma tun ranar da suka shiga ba a sake ganin ko fam ɗaya daga gare su ba. Ma'aji ta aika saƙo a WhatsApp, ta buga waya, ta tsaya a bakin ƙofa a daren horo, amsar dai ita ce “sai ƙarshen wata”. Mun san rayuwa ta yi tsada, kuma duk wanda ya zo ya faɗa mana halin da yake ciki a asirce an ɗauke masa, ba a taɓa tona kowa ba. Abin da yake ɓata rai shi ne shirun masu hali. Tallafin kuɗin sansani da takalman fareti da aka saya wa wasu yara, da kuɗin motar da ta kai su ta dawo da su, asusu bai iya ɗaukarsu ba, sai da mutum kaɗan suka cike giɓin daga aljihunsu, kuma har yanzu ƙungiya ba ta mayar musu ba.

Wannan ne dalilin da ya sa ayyuka biyu da muka yi alkawari a taron bara suka tsaya. Asusun sayen ƙaramar bas yana nan, ba a taɓa shi ba, amma abin da ke ciki ko kuɗin inshora na shekara ba zai biya ba, kuma kwamiti ya ƙi yarda a ci bashi da sunan ƙungiyar da ba ta da tabbacin kuɗin shiga. Na'urar koyon tuƙin jirgi da muka so mu ba rukuni kyauta kuwa, an sayi sandar tuƙi da matakan ƙafa, saura kwamfutar da za ta iya ɗaukar manhajar, wadda ita ce mai tsadar. Masu cewa an yi sakaci su zo su duba littafin ma'aji, a buɗe yake ga kowane mamba.

Haka nan mun nemi iyaye su ba da sunansu a yi musu binciken cancantar aiki da yara, wanda sai da shi ake barin babba ya raka 'yan kadet. Da yawa sun ɗaga hannu a taro, amma ba su cike takardar ba, shi ya sa fita daji ta neman lambar yabo ta Duke of Edinburgh ta wuce wasu yaranmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba daidai ba ne mutum ya sauke ɗansa a ƙofa ya juya mota, ya bar wa mutum huɗu ko biyar dukan ɗawainiya. Masu janye jiki saboda jita-jitar cewa ana shirya yaran ne don aikin soja, su sani cewa wannan tsari na kadet yana nan tun 1941, kuma babu wani tilas a kan yaro ya shiga soja bayan ya gama.

Kwamiti ya yanke cewa tallafin sansanin baɗi zai tsaya ga iyalan da suka biya bashinsu ko suka yi magana da ma'aji kafin ƙarshen watan Maris. A taro mai zuwa za a yi zaɓe, kuma ma'aji ta riga ta sanar cewa ba za ta sake tsayawa ba, saboda haka ana buƙatar wanda zai karɓi littafin daga hannunta a ranar.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamiti.