Amsa laifi a gaban kyamara ba shi ne hukunci ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk ranar da aka jera wanda ake zargi da kisan gilla a gaban 'yan jarida ya ce shi ya aikata, washegari majalisun Tudun Wada da Unguwar Sanusi sun ɗauka: "Ai ya amsa da bakinsa, me kuma ake jira?" Magatakardan kotu na yi har na yi ritaya, kuma ina so jama'a su san abin da ake jira.

A laifin da hukuncinsa kisa ne, kotu ba ta karɓar "na amsa". Ko mutum ya tsaya a gaban alƙali ya ce shi ya kashe, za a rubuta masa cewa bai amsa ba, a ce wa lauyan gwamnati ya kawo shaidunsa. Haka yake a sashe na 274 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, kuma tun kafin ita kotunan Arewa a kan wannan ƙa'ida suke. Ni da zuciya ɗaya nake goyon bayanta. Na sha ganin saurayi an kawo shi yana ɗingishi, takardar amsa laifi na cikin fayil da dangwalen yatsansa, alhali ko sunansa bai iya karantawa ba. Ran da aka rataye irin wannan bisa kuskure, wa zai dawo wa uwarsa da shi?

Bayan haka, maganar da aka gina shari'a a kanta ita kaɗai ba ta da wuyar rushewa. An harbe Kudirat Abiola, matar ɗan siyasa M.K.O. Abiola, a Legas a watan Yunin 1996. Wani soja da ake kira Sajan Rogers ya faɗa wa kotu cewa shi ya harba bisa umarnin Manjo Hamza Al-Mustapha, babban dogarin Janar Sani Abacha, daga baya ya janye maganarsa. A 2012 aka yanke wa Al-Mustapha hukuncin kisa, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi, bayan ya shafe shekara goma sha huɗu da ɗoriya a tsare. Ko wane ɓangare mutum yake, an yi asara: shi ƙuruciyarsa ta tafi a gidan yari, iyalan marigayiyar kuma ba su ga an hukunta kowa ba. Kisan Bola Ige, ministan shari'a sukutum, a 2001, da na Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar asuba a Ɗorayi, Kano, a 2007, duk jininsu bai hau kan kowa a kotu ba.

A irin wannan kisa, mai riƙe da bindiga yawanci ɗan aike ne. Idan muka gamsu da amsawarsa muka rufe fayil, wanda ya biya kuɗin yana gida yana barcinsa. Amsa laifi ƙofar bincike ce: wa ya ba ka bindiga, wa ya kira ka a waya, a ina aka ba ka kuɗi? Da ni ne da iko, ɗan aiken da ya tona mai aikensa, aka kuma tabbatar da maganarsa da hujja, sai a sassauta masa zuwa ɗaurin rai da rai. Dama gwamnoni ba sa son sa hannu a takardar rataya, har dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban jojin jiha damar mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai idan an wuce shekara 10 ba a zartar ba.

Roƙona ga Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Kaduna da 'yan majalisarmu shi ne a tabbatar duk jawabin amsa laifi an ɗauke shi a bidiyo ko a gaban lauya, a daina baje kolin waɗanda ake zargi kafin a kai su kotu, a kuma ba shaidu kariya, domin na ga shari'o'in da suka mutu saboda shaida ya ji tsoro ya bar gari. A ziyarar da babban joji ke kaiwa gidan yarin Kaduna, a fara da fayilolin masu jiran shari'ar kisa.

Naku,
Tsohon magatakardan kotu,
Tudun Wada, Kaduna.